Akustik ko ta kuran: wace jita ya kamata mai koyo ya fara saya?

Salamu alaikum ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce kana nan Damagaram ka tara ƴan kuɗinka kana son sayen jitarka ta farko, kiɗan da ke ranka irin na mutanen Agadas ne, amma abokai sun ce maka dole sai ka fara da akustik, wato jita mai akwatin katako da ba a jona ta a wuta, hannunka ya yi ƙwari tukuna kafin ka taɓa ta kuran, ga kuma tsoron ɗauke wuta. To zan ba ka amsa a matsayin wanda ya daɗe yana kaɗawa, yana koyar da yara, kuma yana gyara jitocin da suka lalace a garin nan.

Maganar nan ta dole sai an fara da akustik ba gaskiya ba ce, kuma ta sa yara da dama sun jingine jita a bango sun haƙura alhali da an ba su shawara mai kyau da yanzu suna kaɗawa. Jitocin nan biyu tsirkiya shida kowace take da ita, saitinsu ɗaya ne, Mi La Re Sol Si Mi daga mai kauri zuwa siririya, inda za ka ɗora yatsa ka yi akor (sautuka da yawa da ake bugawa tare) ɗin Sol a wannan nan ne za ka ɗora a waccan. Duk abin da ka koya a ɗaya kana iya ɗaukar shi ka kai wa ɗayar. Bambancin yana wajen yadda kowace take ji a hannu, da kuɗin da za ta ci maka bayan ka saya, da yadda za ta jure yanayin garinmu.

A wajen hannu, ta kuran ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akustik mai tsirkiyar ƙarfe yawanci tana zuwa da tsirkiya lamba 12 (lambar kauri ce, in ta ƙaru kauri ya ƙaru), in aka ɗaure su shida ɗin suka hau saiti ƙarfin jan da suke yi ya kai kilo 70 ko ma ya ɗan wuce. Ta kuran kuwa da lamba 9 ko 10 take zuwa, jan bai wuce kilo 40 zuwa 46 ba, kuma tsirkiyar tana kwance kusa da wuya don ba ta buƙatar wuri mai yawa ta yi rawa, mikro, wato ɗan maganaɗisun da ke ƙarƙashinta, shi ke ɗaukar motsin ya tura wa ampli, akwatin lasifikar da ke ƙara murya. Ita akustik ba ta da mai taimakon ta, akwatin katakon ne kaɗai zai fitar da murya, shi ya sa sai an sa mata tsirkiya mai kauri an ɗaga ta sama kaɗan. Don haka mai koyo a akustik yatsunsa sun fi jin jiki a makonnin farko. Kanta kam za ta fito maka a kan yatsu ko da wace ka fara, cikin sati biyu zuwa huɗu in kana taɓawa kullum, ba sai ka azabtar da kanka ba.

Akwai ta uku da mutane ke haɗawa da akustik, wato klasik mai tsirkiyar roba (nilon). Tana da taushi a yatsa, shi ya sa makarantun kiɗa da yawa ke fara wa yara da ita, amma wuyanta faɗi gare shi, milimita 52 a sama inda sauran ke da 42 zuwa 44, kuma muryarta a lulluɓe take, ba ta da wannan kaifin da kake ji a kiɗan Agadas. Kai dai ba ita ba ce taka. Kuma don Allah in ka samu klasik kyauta ko da araha kar ka yarda wani ya ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe wai don ta ƙara ƙara, yawancinsu ba su da sandar ƙarfen nan da ke cikin wuya tana riƙe shi, ba a gina su don wannan jan ba, wuyan zai lanƙwashe ko jakin da tsirkiya ke ɗaure a kai ya ɗago ya ɓalle da fatar katakon. Ana kawo min irin wannan sosai kuma sau da yawa ba ta gyaruwa.

Yanzu kiɗan da kake so. In ka saurari makaɗan jita irin su Bombino ko Mdou Moctar ko ƴan Etran de L'Aïr da kyau za ka ji ba akor suke ta bugawa ba kamar mai rakiyar waƙa, a'a, ana barin tsirkiya mai kauri guda tana ta amo a ƙasa, yatsun hagu kuma suna gudu a kan sirara, a buga sau ɗaya da hannun dama sannan yatsa ya sauka da ƙarfi ko ya fizge ya fitar da sauti biyu uku daga bugu ɗaya. Wannan wasan yatsun ya fi fita a ta kuran saboda sautin yana daɗewa bai mutu ba kuma ampli na ɗaga ƙaramin taɓi. Amma fa kar ka ɗauka ba a yin sa da akustik. Shi kansa Bombino yana kaɗa duka biyun a fili, Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad da akustik ɗin yayanta ta koya, Mdou Moctar ma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kuma kai da ka taso kana jin gurmi da molo da garaya a bukukuwa, kunnenka ya riga ya san sautuka biyar ɗin da akasarin wannan kiɗan ke yawo a kansu, irin abin da marigayi Malam Maman Barka ɗan Tesker ke yi da gurmi ba shi da nisa da abin da za ka nema a wuyan jita. Wannan jari ne babba da kake da shi tun kafin ka sayi komai.

Inda ta kuran ke da nauyi shi ne aljihu. Ba jita kaɗai za ka saya ba, sai da ampli, sai da kabil, sai maɗauri na rataya, kuma kabil ɗin araha ba ya daɗewa, bakin ne ke fara saki. Mutane da yawa suna zuba duk kuɗin a jita su ce ampli daga baya, sai a yi wata shida ana kaɗa abu ba murya har sha'awar ta tafi. Wasu kuma su jona ta a bafil ɗin waƙa na ɗaki ko rediyo, zai yi ƙara amma ba daɗi, kuma kana iya fasa lasifikar. Don koyo a ɗaki ampli mai wat 10 ko 15 ya ishe ka har ya yi yawa.

Maganar wuta kuwa, ita jitar kanta ba ta cin kuran, mikro ɗinta maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, yawancinsu ko pil ba sa so. Ampli ne mai cin wuta. Kuma yau an samu mafita, akwai ƙananan ampli masu aiki da pil, kamar Roland Micro Cube ko Blackstar Fly 3, duka biyun pil shida ƴan madaidaita suke ɗauka, akwai kuma ɗan mitsitsi irin Vox amPlug da ake soka shi kai tsaye a jikin jita ka sa abin kunne kai kaɗai ke ji. In gidanku akwai pano da batir ma shi ke nan. Abu biyu dai zan ja maka kunne a kai. Na ɗaya, wutarmu 220 ce, ampli ɗin da aka kawo daga Amurka 110 zuwa 120 yake ci, in ka jona shi haka ba tare da taransifoma ba nan take zai ƙone, don haka juya bayansa ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar kafin ka biya kuɗi. Na biyu, gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, sai ka ji ampli yana ta gurnani, wani lokaci ma in ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizon ka. In ka ji haka kar ka ce ba komai, cire daga wuta, kar ka kaɗa ba takalmi a kan siminti mai danshi, ka kai wa mai gyaran rediyo da ya san aikinsa ya duba. Kuma in an ɗauke wuta ka zare wayar, don dawowarta da ƙarfi ita ke kashe kaya.

Wani abu da mutane ba sa tunani, a gidan yawa ta kuran ta fi akustik rufin asiri. Akustik ba ta da maɓallin rage murya, lokacin bazara kuma kowa a tsakar gida yake kwana, ka taɓa ta da dare har maƙwabta sun ji, gobe a kai ƙararka wajen Baba. Ta kuran in ba a jona ba ɗan ƙis-ƙis kawai take yi, da abin kunne kuwa ba mai sanin kana yi. In a gidanku ba a cika son maganar kiɗa ba, wannan ma abin dubawa ne, kuma ka kiyaye lokutan salla da lokacin hutun mutane, shi zai sa a ƙyale ka ka ci gaba.

To ga abin da ya fi damuna, wanda masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba sa faɗa don ba su san shi ba, wato hunturunmu. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda danshin iska ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Mu nan daga Disamba zuwa Maris iska na bushewa har ƙasa da kashi 20, sannan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, sannan damina ta zo danshi ya dawo gaba ɗaya. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma fuskar akustik siririya ce ƙwarai, kaurinta bai kai milimita 3 ba a yawanci, ga kilo 70 na jan ta dare da rana. Abin da nake gani duk shekara shi ne, wajen Fabrairu sai a fara kawo min su, wata fuskar ta tsage daga jaki zuwa ƙasa layi ɗaya siriri kamar an ja da reza, wata fuskar ta lotsa ciki tsirkiya ta kwanta tana zuzzz a kan ƙarafunan wuya, wata kuma in ka shafa gefen wuyan sai ka ji bakin ƙarafunan sun fito suna karce hannu saboda katakon ya tsuke ya bar su a waje. Kuma abin mamaki mai tsadar ita ta fi saurin tsagewa, don fuskarta katako ne sukutum guda. Mai arahar da aka yi da katako hawa-hawa manne da juna, irin kontirfilake, muryarta ba ta kai waccan zaƙi ba amma ta fi ta jure bushewa nesa. Shi ya sa a Damagaram in mai koyo zai sayi akustik ni mai hawa-hawan nake ce masa ya saya, irin su Yamaha F310, ba don ita ce ƙarshen daɗi ba sai don za ta kai shi shekaru. Ta kuran jikinta gungumen katako ne mai kauri, ba ta cika tsagewa ba, nata ciwon ƙura ne, tana shiga maɓallan murya ka juya ka ji ƙarar-ƙarar, da ramin da ake soka kabil, sai kuma wuya da kan ɗan motsa in yanayi ya canja a sake saita shi.

Ko wace ka saya, ka saya mata jaka, kar ka rataye ta a bangon da rana ke duka, kar ka bar ta cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana don gam ɗin da ya riƙe ta yana saki in ya ji zafi sosai. Lokacin hunturu ka samu ɗan soso ka jiƙa ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ƴar robar sabulu da ka huda wa ramuka, ka ajiye cikin jakar ka rufe, in ya bushe ka sake jiƙawa. Kar ruwan ya taɓa katakon. Wannan ɗan abin ya ceci jitoci da yawa. Sannan duk lokacin da ka gama ka goge tsirkiya da busasshen ƙyalle, gumin hannu gishiri ne, a bazara cikin ƴan kwanaki zai sa su tsatsa su dushe.

Yanzu abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina. Ba akustik ko ta kuran ke sa mai koyo ya ci gaba ko ya bari ba, ita wannan jitar da ke hannunsa ce, lafiyarta ƙalau ko a'a. Akwai wasu masu fenti mai sheƙi ja da shuɗi da ake kawowa da araha, a ido kyau kamar me, amma tsirkiyarsu ta yi sama har kana iya zura ɗan yatsa a ƙarƙashi, ko gwani ba zai ji daɗinsu ba balle kai. Don haka in ka je saye, ko sabuwa ko okaziyon, ka tafi da wanda ya iya in da hali, kuma ka yi waɗannan gwaje-gwajen da kanka. Ƙirga ƙarafunan wuya daga sama har na 12, ka duba tazarar da ke tsakanin kan ƙarfen da tsirkiya mai kauri, a ta kuran wajen milimita 2 ya kamata, a akustik biyu da rabi, in ta wuce 3 sosai akwai magana. Ɗaga jitar ka sa ido daga kai ka leƙa tsawon wuyan, ya zama a miƙe ko da ɗan lotsawa kaɗan a tsakiya, in ka ga ya murɗe gefe ɗaya ajiye ta kawai. Sai a saita ta, ka buga tsirkiya a sake, ka danna ta a gida na 12, wato dab da bayan ƙarfe na 12, ka sake bugawa, sautin ɗaya ya kamata ka ji sai dai na biyun ya fi siriri, in ya kauce to duk akor ɗin da ka yi a ƙasan wuya ƙarya zai riƙa yi, a ta kuran ana gyara wannan da sukurudireba don jakinta na da ƙusoshi, a akustik kuwa aiki ne. Bi kowane gida ɗaya bayan ɗaya ka ji ko akwai inda ke zuzzz ko inda sauti ya mutu. A akustik ka gwada zura takarda ƙarƙashin bayan jaki, in ta shige to ya fara ɗagowa. Ƙwanƙwasa fuskar a hankali da yatsa, in ka ji wani abu na kaɗawa a ciki to sandunan da ke tallafe da ita sun saki. Juya kunnuwan ɗauri duka shida ka ga ba mai santsi ko mai zamewa. In ta kuran ce kar ka yarda da "wallahi tana yi", a jona ta a gabanka, a juya kowane maɓalli, a gwada kowane mikro, a girgiza kabil a bakin ramin.

Kuma kar sunan da ke rubuce a kai ya ruɗe ka. Fender Stratocaster tun 1954 ake yin ta, Gibson Les Paul tun 1952, kuma ba jitocin da aka fi kwaikwaya a duniya kamar su, in ka ga an rubuta Fender ana sayarwa da kuɗin ƙaramar salula to ka san ba ita ba ce. Gara Squier ko Yamaha Pacifica ko Cort na gaskiya da Fender na ƙarya. Don irin sautin Agadas, mai siffar Stratocaster da siraran mikro uku ita ta fi kusa, ita ke ba da wannan kaifin.

Tsirkiya ma ka yi tunaninta tun yanzu, don ba kullum ake samun mai kyau a garin nan ba, sau da yawa sai an yi saƙo Kano ko Yamai. Ranar da ka sayi jita ka haɗa da fakiti biyu na ajiya, da ƙarin siririyar Mi don ita ke fara tsinkewa. Ta akustik daban ta kuran daban, ta akustik an naɗe ta da tagulla wadda maganaɗisu ba ya kamawa da kyau, in ka sa ta a ta kuran masu kaurin za su yi rauni. In bahago ne kai ka faɗa tun kafin a saya, akwai jitar hagu, Mdou Moctar ma bahago ne, sai dai samun ta ya fi wuya.

To ga hukuncina a kan naka. Tunda kiɗan Agadas ne ya ja ka, in kuɗinka za su kai ka sayi ta kuran mai lafiya tare da ɗan ampli mai pil da kabil a rana ɗaya, saye ta kai tsaye, kar ka saurari masu cewa sai ka bi ta akustik. In kuwa kuɗin ba za su kai ba sai ka haɗa da ta kuran maras kyau da ampli maras kyau, to kar ka raba su, zuba su duka a akustik guda mai lafiya mai katako hawa-hawa, ka cire lamba 12 ɗin da ta zo da ita ka sa lamba 10, a rage maka tsayin jaki in ta yi sama, za ka ji ta yi laushi kusan kamar ta kuran, kuma za ka iya ɗaukar ta ka je fada wajen abokai ko bayan gari ba ruwanka da wuta. In Allah ya hore daga baya ka ƙara ta kuran, hannunka ba zai yi baƙunta ba.

In ta shigo hannu, sauke manhajar saita jita a salularka, kyauta ne, ka saita ta duk lokacin da za ka fara don kunnenka ya saba da daidai. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai. Yanke farcen hannun da ke danna wuya, ka danna da kan yatsa dab da bayan ƙarfen ba a tsakiyar gida ba, a nan ƙarfi kaɗan ya isa. In yatsa ya yi zafi ka huta, in ya yi ƙurji ka bari ya warke. Kuma in ka samu wadda kake so ka saya, ɗauki hoton wuyan daga gefe wajen gida na 12 da hoton jakin ka turo min in duba maka kafin ka ba da kuɗi. Allah ya ba da sa'a.